Dabarar koci ko ƙafar 'yan wasa: wanne ne ke cin kofi?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ranar da ƙungiya ta sha kashi, kafin a tashi daga gidan kallo an riga an yanke wa koci hukunci: bai iya ba, tsarinsa ne ya kashe wasa. Ni a ganina ana ba masu horarwa girman da ya wuce nasu. Ku dubi Jamus. Bayern ta ɗauki Bundesliga sau 11 a jere, daga 2013 zuwa 2023. A cikin shekarun nan Heynckes ya riƙe ta, Guardiola ya riƙe, haka Ancelotti, Kovac, Flick, Nagelsmann da Tuchel. Kowa da salonsa, uku daga cikinsu ma a tsakiyar kaka aka sallame su, amma kofi bai bar Munich ba. Abin da bai canja ba shi ne su ke da 'yan wasan da suka fi na kowa a ƙasar. Don haka na ce ƙafar 'yan wasa ce ke cin ƙwallo, dabara ƙari ce kawai. Wanda ke da ja, bismillah.

Gunner_Zazzau:
Wa'alaikumus salam. Ina da ja, malam. Girka da ta ɗauki Euro 2004 fa? Faɗa mini sunan ɗan wasansu ɗaya da Real Madrid ke nema a lokacin. Sun fitar da Faransa mai Zidane da Henry, sun fitar da Czech mai Nedved, sun doke Portugal mai masaukin baƙi sau biyu, a wasan buɗe gasa da kuma wasan ƙarshe. Wasanninsu uku na ƙarshe duk 1-0 ne, kuma duk da ka aka ci, biyu daga bugun kwana. Ba sa'a ba ce, abu ne da Otto Rehhagel ya zauna ya tsara: a rufe gida, kowa ya riƙe mutuminsa, a jira kwana.

Ɗan_Fagge:
Gunner, to bayan nan fa? Rehhagel ɗin dai bai je ko'ina ba, amma ba su samu zuwa Kofin Duniya na 2006 ba, a Euro 2008 kuma wasa uku suka buga, uku aka ci su. Ina dabarar ta shiga?

Mai_Shayi_Sabongari:
Leicester 2016. Na rufe bakina.

BluesNaHarAbada:
Mai Shayi, kada ka rufe baki tukuna, Leicester hujjar Ɗan Fagge ce ba taka ba. Mutane na cewa ƙananan 'yan wasa ne, alhali ba ƙanana ba ne, ba a dai san su ba ne. Kante ya koma Chelsea ya sake ɗaukar Firimiya a kakar da ta biyo, ya ɗauki Kofin Duniya a 2018. Mahrez ya je City ya tara kofuna. Vardy ya ci 24 a kakar. Da Kante ya tafi, Ranieri na nan, 4-4-2 ɗinsa na nan, har an ƙaro Ahmed Musa daga CSKA Moscow, amma ƙungiyar ta gangara kusa da 'yan dagaji, aka kori Ranieri a Fabrairun 2017. Mutum ɗaya ya fita daga tsakiya, komai ya kwance.

Baba_Koci:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki. Shekaru da dama ina horar da yara 'yan ƙasa da sha bakwai a filin unguwarmu, filin rairayi ne, ragarmu ma ba raga, sanduna ne. Abin da na lura da shi a muhawarar nan, kuna magana kamar ingancin ɗan wasa abu ne da yake ɗauke da shi a aljihu, duk inda ya je haka yake. Ba haka ba ne.

Akwai wani yaro da na samu, dogo, siriri, duk ƙungiyar da ya bi lamba tara ake sa shi saboda tsawonsa. Ba ya ci. In ƙwallo ta zo masa yana ba raga baya, sai ya rikice, mai tsaron baya ya zo ta bayansa ya ƙwace. Yara har sun fara ƙin ba shi fasin. Wata rana ana atisaye na ga abin da yake yi in ba shi da ƙwallo: kansa ba ya tsayawa, yana duba hagu yana duba dama, yana nuna wa abokansa inda za su tsaya. Sai na mayar da shi lamba shida, gaban 'yan baya, inda duk filin ke gabansa. Wallahi kamar an canja mutum. Kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai kai ta. Mutanen da ke zaune bakin fili suna cewa yaron nan bai iya ba, su ne suka koma tambayata daga ina na samo shi.

To ku gaya mini, ranar da ya fara haskawa, ingancinsa ne ko dabarata? Ƙafar tasa ce, ban ƙara masa komai ba. Amma da na bar shi a gaba, da yanzu ya daina ƙwallo.

BluesNaHarAbada:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da ka faɗa shi ne labarin Victor Moses sak. Chelsea ta saye shi a 2012, ta yi ta bayar da shi aro, Liverpool, Stoke, West Ham, kowa na ganin ba ajin ƙungiyar ba ne. Bayan da Arsenal ta yi mana 3-0 a Satumban 2016, Conte ya koma 'yan baya uku, ya ba Moses gefen dama gaba ɗaya, ya hau ya sauko. Wasa 13 muka ci a jere, muka ɗauki kofi da maki 93. Ƙungiyar da ta ƙare ta goma a kakar da ta gabata ce fa. Na san ɗazu na goyi bayan Ɗan Fagge a kan Leicester, kuma ina nan a kan haka, amma wannan kam aikin koci ne.

Ɗan_Fagge:
Baba, na ji maganarka kuma na girmama ta. Amma yaron nan da ma yana da idon. Da ka ɗauki wanda ba shi da shi ka sa a lamba shida, da ba ka ga komai ba. Blues, kai kuma kada ka manta a gaban Moses akwai Hazard da Costa, a tsakiya akwai Kante. Ta goman da suka yi, rigima ce ta cikin gida, su ne dai suka ɗauki kofi a 2015.

Cityzen_Bauchi:
Ni abin da ya faru da mu ya sa na koma ɓangaren Ɗan Fagge. Ba wanda zai ce Guardiola bai san dabara ba, Firimiya huɗu a jere ba wasa ba ne. Rodri ya ji rauni a gwiwa a wasan Arsenal cikin Satumban 2024, ba a jima ba muka sha kashi sau biyar a jere. Mutumin na nan a bakin fili, ƙwaƙwalwarsa ba ta ragu ba, ya gwada wannan ya gwada wancan, abu ya ƙi. Tsarin gaba ɗaya a kan mutum ɗaya yake tsaye.

Gunner_Zazzau:
Cityzen, ka tuna wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2021 a Porto? Rodri lafiyarsa ƙalau, Fernandinho ma haka, Guardiola ya ajiye su duka biyu a benci ya fara wasa ba mai tare tsakiya. Fasin ɗaya Mount ya zura ta tsakiyar nan, Havertz ya ci. Ran nan 'yan wasanku sun fi na Chelsea, shawarar koci ce ta kayar da ku. In dabara mara kyau na iya zubar da kofi, ai ka ga dabara ba ƙari ba ce. Kuma Chelsea ɗin, a Janairun shekarar tana ta tara a tebur aka kawo Tuchel, bai sayi ko mutum ɗaya ba.

Na_Damagaram:
Gaisuwa daga Zinder. Ku bar Turai haka nan ku zo gida. Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, ta samu zuwa Kofin Afirka karon farko a 2012, daga rukunin da ke da Masar mai riƙe da kofi da Afirka ta Kudu da Saliyo. Mun doke Masar 1-0 a Yamai, Moussa Maazou ya ci. Harouna Doula ya san ba mu da mutanen da za su yi musayar fasin da Masar, sai ya gina komai a kan tsaron gida da gudun Maazou, da kuma zafin ranar Yamai. CAF ta ba shi gwarzon koci na 2011. Amma gaskiya ɗaya ce, da muka je Gabon wasa uku muka yi, uku aka ci mu. Dabara ta kai mu bakin ƙofa, ba ta iya shigar da mu ɗaki ba.

Malam_Lissafi:
Ina ganin abin da ke raba ku shi ne ba iri ɗaya na gasa kuke magana a kai ba. Duk misalan masu cewa dabara, ko yawancinsu, daga gasar sili-ɗaya-ƙwale suke: Girka, Chelsea a 2021, har da Inter ta Mourinho a 2010 da ta je Camp Nou ta kare 3-1 ɗinta da mutum goma, Eto'o ya koma kamar ɗan baya. Ƙwallo wasa ne da ba a cika cin da yawa ba. A minti casa'in, ƙaramar ƙungiya na iya toshe hanya, ta samu dama ɗaya ta ci. Amma lig wasa 38 ne ko 34. Za ka toshe yau, ka toshe jibi, wata rana sai an buɗe ka, ga rauni ga gajiya ga kati, sai a koma duba waye ke benci. Shi ya sa misalan Ɗan Fagge na lig ne. Juventus ma sau tara a jere ta ɗauka a Italiya, da Conte da Allegri da Sarri, mutum uku da ba abin da ya haɗa salonsu.

Gunner_Zazzau:
Malam, Leverkusen ta rushe wannan lissafin. Xabi Alonso ya karɓe ta a Oktoban 2022 tana ta biyun ƙarshe a tebur. Kaka ta gaba ta ɗauki Bundesliga ba a doke ta ko sau ɗaya ba, wasa 34, kuma Bayern ɗin da Ɗan Fagge ya buɗe zance da ita tana da Harry Kane a shekarar. Lig ne wannan ba kofi ba.

Ɗan_Fagge:
Sau ɗaya cikin shekara goma sha biyu, Gunner. Kuma a bazarar sun sayo Xhaka da Boniface, sun ɗauko Grimaldo, ga Wirtz ya warke. Shekarar da ta biyo kofin ina ya koma?

Anti_Falcons:
Ku yi haƙuri in shigo da mata, tunda kun manta da mu. Wasan ƙarshe na Kofin Afirka na mata a Rabat, Yulin 2025. Maroko na gida, kocinsu Jorge Vilda ne, wanda ya ɗauki Kofin Duniya da Sifaniya a 2023. An tafi hutun rabin lokaci suna cin mu 2-0. Aka dawo, Okoronkwo ta ci fenareti, Ijamilusi ta farke, Echegini da ta shigo daga benci ta ci ta uku. Kofi na goma. In sunan koci ne ke ci, ai Vilda ya fi Justine Madugu suna nesa ba kusa ba. Ni abin da na gani a rabi na biyu zuciya ce da ƙarfin jiki, sai kuma canjin da aka yi a kan lokaci. Ban san a wane ɓangare za ku ajiye zuciya ba, a dabara ko a inganci.

Baba_Koci:
Anti, zuciya ma aikin koci ce rabi. Minti goma sha biyar ɗin nan na hutu, abin da aka faɗa a ɗaki yana iya tayar da mutum ko ya ƙarasa kashe shi. Na ga kocin da ke shiga yana zagi, yara su dawo ƙafarsu na rawa.

Zango_Kumasi:
Tunda an zo Najeriya, ku ba ni dama, ba tsokana ba ce. Maris 2022, wasan neman gurbin Kofin Duniya. Kowa a nan Kumasi ya san a takarda kun fi mu: Osimhen, Lookman, Iheanacho, Simon. Otto Addo riƙon ƙwarya yake yi. Aka yi 0-0 a Baba Yara, aka je Abuja Partey ya ci da wuri, kuka farke da fenareti. Bayan hutu Addo ya ƙara mutum a baya, daga nan sai dogayen ƙwallaye kuke ta aikawa sama, 'yan bayanmu na sa kai suna mayarwa. Aka tashi 1-1, dokar ƙwallon waje ta sa mu muka je Qatar. In ingancin 'yan wasa ne kawai, da wasan bai kai haka ba.

Pillars_Sai_Masu_Gida:
Zango ka taɓa inda ke mana ciwo. Gwarzon Afirka na 2023 namu ne, na 2024 ma namu ne, amma Kofin Duniya biyu a jere ba mu je ba. Ɗan Fagge, wannan kaɗai ya isa amsa. Ka kwatanta da Keshi a Kofin Afirka na 2013, Allah ya sa ya huta. Ya bar manyan sunaye a gida, ya ɗauki 'yan lig ɗin gida, aka yi ta zaginsa. Sunday Mba ne ya ci Kwaddebuwa mai Drogba da Yaya Toure, shi ne kuma ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe.

Ɗan_Fagge:
Pillars, matsalar Super Eagles ma ta inganci ce, ba ku lura ba ne. Muna da 'yan gaba har sun yi yawa, amma tun da Mikel ya ajiye, wa muke da shi a tsakiya da zai taka ƙwallo ya rarraba ta? Tara lamba tara guda biyar ba shi ne ƙungiya mai kyau ba. Ni da na ce 'yan wasa, ina nufin a kowane gurbi. A 2013 akwai Enyeama a raga, Mikel da Onazi a tsakiya, Moses da Emenike a gaba. Ba ƙananan mutane Keshi ya tafi da su ba.

Malam_Lissafi:
To ai ka shigo gonar koci ke nan, Ɗan Fagge. Waye ke zaɓen wanda za a kira, waye ke cewa lamba tara ɗaya ta isa a nemo mai tare tsakiya? Madrid ta sayar da Makelele a 2003 ta kawo Beckham, ga Zidane ga Ronaldo ga Figo ga Raul, ba ta sake ɗaukar La Liga ba sai 2007. In ka ce inganci shi ne mutanen da suka dace da juna, to dacewar nan ita ce muke kira tsari.

Parisien_Maradi:
PSG ce ta fi kowa nuna wannan. Messi, Neymar, Mbappe a gaba ɗaya, kaka biyu, duka biyun a zagayen 'yan 16 na Zakarun Turai aka fitar da su, Madrid a 2022, Bayern a 2023. Dalilin a fili yake: in an ƙwace ƙwallo mutum uku ba sa dawowa, bakwai ne ke tsaron mutum goma. Duk suka watse, Luis Enrique ya sa kowa gudu, Dembele da kansa ke korar gola in ƙwallo na hannun abokan hamayya. Mayu 2025 a Munich suka yi wa Inter 5-0.

Cityzen_Bauchi:
Parisien, kada a mayar da PSG ɗin nan marainiya. Kvaratskhelia, Joao Neves, Doue, Vitinha, Hakimi, waɗannan ba kyauta aka tsince su ba. An canja irin 'yan wasan da ake saye ne, ba a daina sayen masu tsada ba. Ka ba Luis Enrique ƙungiyar da ke ta goma sha biyar a Faransa mu ga ko za ta yi 5-0.

RedDevil_Gombe:
Ni dai abin da na gani a United ya sa ba na yarda da kocin da ke zuwa da tsarinsa a jaka ya ce dole kowa ya shiga. Amorim ya zo da 3-4-3 ga 'yan wasan da ba don shi aka saye su ba, muka ƙare ta 15 a 2025. A shekarar nan McTominay da muka sayar ya ɗauki Serie A da Napoli, aka ba shi gwarzon gasar. Tela na gari jikin mutum yake aunawa kafin ya yanka yadi.

Baba_Koci:
Gombe, ka faɗi gaskiya. Kuma ga wani wasa da nake so kowa ya sake kallo in yana da hali: wasan ƙarshe na Kofin Europa, Atalanta da Leverkusen a Dublin, Mayun 2024. Leverkusen ta zo da wasa 51 ba a doke ta ba. Gasperini ya ce kowane ɗan wasansa ya ɗauki mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya shiga, har cikin gidansu. Ƙungiyar da ta saba fara fasin daga gola a natse, sai ga shi duk wanda ya karɓi ƙwallo akwai mutum a wuyansa. Kuskure ya yi ta fitowa kusa da ragarsu. Wannan dabara ce tsantsa. Amma ku dubi ƙwallo ta biyu da ta uku da Lookman ya ci: ya zura wa Xhaka ta tsakanin ƙafa ya nannaɗa ta kusurwa, ta ukun kuma ya yanke mutum ya buga da hagu ta sama. Ba kocin da ke koya wannan a allo. Sannan Lookman ɗin nan ya bi ta Everton da Leipzig da Fulham da Leicester ba wanda ya ga haka daga gare shi.

Gunner_Zazzau:
Wato Baba kai ma ka yarda sai da Gasperini ya kai ƙwallon inda Lookman zai yi aikinsa.

Ɗan_Fagge:
Kuma ya yarda da wani ne a wurin ba Lookman ba, da 0-0 za a je hutu. Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar Bayern. Kuma ga ƙari: Zidane ya ɗauki Zakarun Turai uku a jere, 2016 zuwa 2018. A cikinku waye zai iya zana mini salon Zidane a takarda?

Madridista_Katsina:
Ni zan zana maka, ɗan'uwa. Casemiro a bayan Kroos da Modric, wanda kafin zuwan Zidane ba kullum yake farawa ba. Marcelo da Carvajal su hau, Casemiro ya rufe ramin da suka bari. A 2017 ya shawo kan Ronaldo ya riƙa hutawa a wasu wasannin lig, shi ya sa ya iso Afrilu da Mayu da ƙarfinsa, ya ci Bayern biyar a wasa biyu, ya ci Atletico uku, ya ci Juventus biyu a Cardiff. Sa'ad da Bale ya ji rauni ya sa Isco a bayan 'yan gaba biyu. Don mutum ba ya tsalle a bakin fili yana nuni da yatsu ba shi ke nuna ba ya tunani ba. Kuma ka tambayi kanka waye cikin masu allo da alli zai iya ce wa Ronaldo yau ba za ka buga ba, ya kuma yarda.

Pillars_Sai_Masu_Gida:
Maganar Bayern kuma, Ɗan Fagge, ka duba Zakarun Turai a shekarun nan goma sha ɗaya. Sau biyu suka ɗauka, 2013 da Heynckes da 2020 da Flick. 'Yan wasan da Kovac ya sha 5-1 da su a hannun Frankfurt a Nuwamban 2019, su ne Flick ya ci Barcelona 8-2 da su a Agustan 2020.

Ɗan_Fagge:
Wannan ta Flick hujja ce mai ƙarfi, Pillars. Amma Barcelonar da aka ci takwas ta riga ta tsufa, ƙafafu sun mutu. Ka kawo mini wanda Flick ya yi wa haka da Jamus a Qatar, inda Japan ta doke su suka fita tun a rukuni.

Na_Damagaram:
Japan ɗin ma ai bayan hutu kocinsu ya koma 'yan baya uku ya zubo masu gudu daga benci. Doan da Asano da suka ci, duka biyun canji ne.

Anti_Falcons:
Baba Koci, tambaya nake da ita a gefe. Ƙanena na da shekara goma sha huɗu, shi ma dogo ne kuma gaba ake sa shi. Ta yaya zan gane ko irin yaronka ne?

Baba_Koci:
Anti, ki je filin ranar da suke wasa, kada ki bi ƙwallo da ido, shi za ki kalla. Ki ga ko yana waiwaye kafin a ba shi fasin, da kuma inda yake gudu in ƙungiyarsu ta rasa ƙwallo. In ya fi son karɓa yana fuskantar fili, ki samu kocinsu a keɓe, ba a gaban yara ba, ki roƙe shi ya gwada shi a tsakiya ko da a atisaye ne.